Fasto, Fada, Rabaran, Bishop: daga ina Turanci ya samo waɗannan sunayen?

Ɗan'uwa ka tambaye ni cewa kullum kana jin fasto, fada, rabaran, bishop a bakin mutane, in ka buɗe labaran Turanci kuma sai ka ci karo da priest, vicar, cleric, minister, chaplain, shin duk abu ɗaya ne ake ta canza masa suna ko kuwa kowanne da ma'anarsa, kuma daga ina ma kalmomin suka fito. Toh amsar a taƙaice ba abu ɗaya ba ne, kuma kusan babu ko ɗaya a cikinsu da asalinta Turanci ne, aro ne daga Girkanci da Latin, kamar yadda mu ma liman da ladan da alƙali da malam duk daga Larabci muka ɗauko su. Na daɗe ina koyar da tarihin harshen Turanci kuma na yi aikin fassara, wannan fannin yana cikin waɗanda suka fi burge ni, don in ka tono asalin manyan laƙabban nan sai ka tarar kalmomin gida ne da na aikin ƙarfi, tsoho, bara, makiyayi, mai gadi, baba, wakili. Kuma laƙabin da coci ta zaɓa wa shugabanta yakan gaya maka aƙidarta tun kafin ka shiga ciki.

Bari in fara da priest don a nan rigimar take. Kalmar daga Girkanci ta taso, presbyteros, ma'anarta kawai wanda ya fi tsufa, wato dattijo. Latin ta ɗauka ta ce presbyter, bakin mutanen Ingila na da ya tauna ta ya koma preost, daga baya priest. Tushen nan ɗaya ne da presbyopia da likitocin ido ke faɗa, wato raunin ganin kusa da ke zuwa wa mutum in ya manyanta har sai ya nesanta takarda kafin ya karanta. Ka ga wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, shaikh a Larabci asalinsa tsoho ne, shi ya zama shehu da shehi a bakinmu, yau za ka ga matashi ɗan shekara 30 ana ce masa Shehi saboda karatu ba don furfura ba. Haka priest ta yi, furfurar ta tafi muƙamin ya tsaya.

Amma ga inda matsala ta shigo. A Girkancin Sabon Alkawari kalmomi biyu ne daban. Akwai presbyteros ɗin nan, dattijon da ke jagorantar jama'ar masu bi, akwai kuma hiereus, shi ne mai yanka hadaya a haikali, irin zuriyar Haruna a wajen Bani Isra'ila. Latin ma ta raba su, na biyun tana ce masa sacerdos. Tsohon Turanci yana da sacerd ɗinsa da ya aro, amma a hankali ta mutu, sai priest ta haɗe ma'ana biyun ita kaɗai. Shi ya sa yau Bature zai ce priest ga limamin Katolika, ya ce priest ga mai hadaya a haikalin Urushalima, ya ce priest ga mai kula da gunki a tsohuwar Masar ko a Indiya. A Littafi Mai Tsarki na Hausa kalmar firist da babban firist da ake karantawa ita ce wannan priest ɗin, kuma da ma'anar mai hadaya aka ɗauko ta, shugabannin jama'a kuwa dattawan ikilisiya ake ce musu. Wato fassarar Hausa ta raba abin da bakin Bature na yau da kullum ya cakuɗa.

Kar ka ɗauka wannan ƙaramar magana ce ta masu nahawu, an rasa rai a kanta. William Tyndale da ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci kai tsaye daga Girkanci, aka buga a garin Worms na Jamus a 1526, ya ƙi yarda ya rubuta priest a inda Girkanci ya ce presbyteros. Da farko senior ya sa, daga baya ya gyara ya ce elder, haka kuma ekklesia ya ce congregation, taron jama'a, maimakon church. Thomas More, babban jami'in sarkin Ingila kuma ɗan Katolika, ya yi masa ca a rubuce, don ya gane abin da ake nufi, in littafin da kansa bai ce priest ba bai ce church ba toh kowane manomi zai iya tambaya daga ina malaman coci suka samo ikonsu. An kama Tyndale, a 1536 aka shaƙe shi aka ƙona gawarsa a Vilvoorde kusa da Burasel bisa hukuncin bidi'a. Da Sarki James na Ingila ya sa aka yi sabuwar fassara wadda ta fito a 1611, cikin ƙa'idojin da aka ba masu aikin har da cewa a bar tsofaffin kalmomin coci yadda suke, kar a mayar da church ta zama congregation. Sun bar church, sun bar bishop, amma elder ta Tyndale ta tsira a ciki. Shi dai Sarki James a taron Hampton Court na 1604 ya faɗa ƙarara cewa in babu bishop babu sarki, ya san in aka rushe tsanin muƙamai a coci na fada ne zai biyo baya.

Daga nan za ka gane me ya sa har yau Katolika da Otodoks da Angilikan suke cewa priest, su kuma Baptis da ECWA da COCIN da cocin Fentikostal ba za ka ji suna kiran shugabansu haka ba. Masu cewa priest suna ganin akwai bagadi da hidimar jibi, wato rabon gurasa da ruwan inabi a coci, wadda sai wanda aka naɗa ne zai tsaya a kanta, waɗancan kuma suna cewa hadaya ta ƙare, abin da ya rage wa'azi ne da kiwon jama'a. Mutanen Sikotilan ma bayan sauyin addini na 1560 na zamanin mai wa'azi John Knox komawa suka yi ga ainihin kalmar Girkancin, cocinsu ya zama Presbyterian, wato wanda majalisar dattawa ke mulka, babu bishop.

Toh shi bishop fa? Episkopos ne a Girkanci, epi wato bisa, skopos wato mai dubawa, mai sa ido a kan aiki. Skopos ɗin nan ita ce a wutsiyar telescope da microscope. Kafin Kiristanci ma Girkawa suna kiran jami'in da aka tura ya duba gari ko aiki da wannan suna, kusan abin da za mu ce sufeto ko mai duba gari. Abin da nake so ka lura shi ne yadda baki ke cinye kalma, episkopos ta zama episcopus a Latin, mutanen Ingila suka yar da kan da wutsiyar suka bar biscop, yau bishop. Faransawa suka cinye ta ta wani gefen suka ce évêque, Larabawa suka ce usƙuf. Ka ɗora bishop da évêque gefe da gefe, babu harafi ɗaya da suka haɗa, alhali uwarsu ɗaya. Mu ma haka muka yi wa al-imam ya koma liman. Aikin bishop shi ne kula da coci-coci na yanki guda da ake ce wa diocese, shi ke naɗa priest, kamar yadda Matthew Hassan Kukah yake bishop na Katolika a Sakkwato tun 2011. In an ƙara arch a gaba, daga Girkanci arkhi wato babba ko na farko, ya zama archbishop. Samuel Ajayi Crowther shi ne baƙar fata ɗan Afirka na farko da Angilikan suka naɗa bishop, a Kantabari a 1864. Kujerar da bishop ke zama a kai kuma cathedra ake ce mata, cocin da kujerar take shi ne cathedral, don haka ba girman gini ke sa coci ya zama katidiral ba, kujerar ce.

Na ukun su deacon, wanda a coci-cocin arewa za ka ji ana cewa dikin. Diakonos ne, bara, mai hidima, musamman mai kai abinci a tebur. A labarin bikin Kana cikin Yohanna sura 2, barorin da aka ce su cika tuluna da ruwa da wannan kalmar aka kira su. A Ayyukan Manzanni sura 6 kuma an zaɓi mutum bakwai, cikinsu har da Istifanus, su riƙa kula da rabon abinci ga gwauraye mata saboda an yi ƙorafin ana tauye wasu, al'adar coci tana ɗaukarsu a matsayin dikin na farko. A Katolika da Angilikan dikin mataki ne na naɗi, na farko cikin uku, dikin, priest, bishop. A Baptis kuwa yawanci ɗan ikilisiya ne mai sana'arsa da aka zaɓa ya taimaka da harkar kuɗi da marasa lafiya da tsarin coci. Kalma ɗaya, nauyi daban.

Yanzu fasto, wadda ta fi kowacce yawo a bakinmu har ta kai duk malamin Kirista wasu fasto suke ce masa. Pastor Latin ce tsantsa, makiyayi, daga pascere wato ciyar da dabba ko kai ta kiwo, 'yar'uwar pasture makiyaya. A Afisawa 4:11 an jera manzanni, annabawa, masu bishara, makiyaya da masu koyarwa, makiyayan nan su ne pastors a Turanci. Hoton shugaba a matsayin makiyayi tsoho ne sosai a Gabas ta Tsakiya, Zabura ta 23 da shi ta buɗe, kuma duk ɗalibin hadisi ya san hadisin nan da ke cewa dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. In ka taɓa ganin bishop riƙe da doguwar sanda mai lanƙwasa a kai, sandar kiwo ce ba ta sarauta ba, lanƙwasar ta jawo tunkiyar da ta ɓalle ce. Bayan sauyin da Martin Luther ya tayar a 1517 Furotesta suka rungumi pastor saboda ba ta ɗauke da warin hadaya irin na priest. Amma Katolika ba su yar da ita ba, a Amurka priest ɗin da ke riƙe da coci pastor ake ce wa muƙaminsa, sai dai in za a kira shi Father za a ce.

Father ɗin nan ita ce fada tamu, ba ruwanta da fadar sarki ko faɗa na rigima. Uba ne na ruhaniya, laƙabin priest na Katolika da Otodoks da wani ɓangare na Angilikan. Kuma kalmar uba ta bazu cikin sunayen nan fiye da yadda ake zato. Padre da sojojin Birtaniya ke kiran malamin addininsu uba ne a Fotugis da Sifaniyanci da Italiyanci. Abbot, shugaban gidan sufaye, daga abba ne na harshen Aramiya, yaren da Annabi Isa (AS) ya yi magana da shi, ɗan'uwan ab na Larabci, ka ga Abba da muke kiran yaron da aka sa wa sunan kakansa ba nesa yake ba. Pope kansa pappas ne na Girkanci, baba, irin yadda yaro ke kiran mahaifinsa. Da farko ba na Roma kaɗai ba ne, tun ƙarni na 3 ake kiran bishop na Iskandariya da shi, kuma har gobe shugaban Kibɗawan Masar pope ne, na yanzu Tawadros na 2 tun 2012. A yammacin Turai ne aka taƙaita shi ga bishop na Roma, musamman zamanin Fafaroma Gregory na 7 wajen 1075. Hausa ta yi wayo a nan, Fafaroma ko Paparoma, wato Papa na Roma, sunan da kansa ya faɗi wane papan ake nufi, abin da Turanci bai yi ba. Furotesta da yawa kuma suna ƙin kiran kowa fada saboda Matiyu 23:9 da ta ce kada a kira kowa uba a duniya.

Pontiff da 'yan jarida ke sawa in sun gaji da maimaita pope ta girmi Kiristanci. Pontifex muƙami ne a addinin gargajiyar Romawa, su da kansu suna fassara shi da mai gina gada, babbansu pontifex maximus, Julius Kaisar ya riƙe shi tun shekara 63 kafin haihuwar Annabi Isa, sarakunan Roma suka gaje shi, daga baya laƙabin ya koma kan Fafaroma. Cardinal kuwa daga cardo ne, abin da ƙofa ke juyawa a kansa, hinjin ƙyaure, wato mutanen da al'amura ke juyawa a kansu. Tun 1059 aka fara ba su ikon zaɓen Fafaroma, a 1970 Fafaroma Paul na 6 ya ce wanda ya kai shekara 80 ba zai jefa ƙuri'a ba, taron zaɓen kuma conclave, cum clave, da makulli, don kulle su ake yi sai sun fitar da mutum, kamar yadda suka fitar da Leo na 14 a watan Mayun 2025, Ba'amurke na farko. Kadinal ba mataki na huɗu ba ne na naɗi a saman bishop, muƙami ne da Fafaroma ke bayarwa, irin wanda Francis Arinze ya samu a 1985 da John Onaiyekan a 2012.

Rabaran fa, wannan mutane da yawa ba su san ba suna ba ce, sifa ce. Reverendus a Latin, wanda ya cancanci a girmama, daidai da yadda muke cewa mai girma ko mai martaba. A ƙa'idar Turancin Ingila ba a cewa wane a reverend ne, ana sa ta ne gaban cikakken suna, the Reverend wane wane, kamar the Honourable. Tana da matakai ma, Very Reverend ga dean, wato shugaban malaman katidiral, Right Reverend ga bishop na Angilikan, Most Reverend ga archbishop, shi kuma archdeacon, mai taimaka wa bishop wajen kula da wani sashe na yankinsa, Venerable ake ce masa. A nan gida ta riga ta zama muƙami, a coci-coci da yawa na arewa mutum yana fara aiki a matsayin fasto, sai bayan shekaru an naɗa shi ya zama rabaran, kuma ni ban ga laifin haka ba, harshe na masu amfani da shi ne. Katolika kan haɗa biyun su ce Rabaran Fada, mace mai zaman zuhudu kuma Rabaran Sista. Akwai waɗanda ke ƙin kalmar gaba ɗaya, hujjarsu ita ce a fassarar Sarki James sau ɗaya ta fito, Zabura 111:9, kuma sunan Allah aka siffanta da ita. Shahararren mai wa'azin Baptis na Landan Charles Spurgeon yana cikin waɗanda ba su so a kira su da ita.

Minister ita ce ke rikita masu fassara don mu minista ɗan gwamnati muka sani mai jiniya. Asalinta bara ne, daga minus wato ƙasa ko ƙarami, kishiyar magister daga magis wato fiye, wadda ta haifi master. Minister na coci baran Allah da jama'a ne, na gwamnati kuma asali baran sarki ne, firaminista shi ne na farko cikin barorin. Methodist da Presbyterian sun fi son wannan kalmar. Na taɓa ganin fassarar da aka ce Martin Luther King minista ne a Amurka, alhali Baptist minister aka rubuta, malamin coci ne, bai taɓa riƙe ma'aikata ba. Irin wannan kuskuren yana ɓata tarihi gaba ɗaya a kan mai karatu.

Sai ukun da in ba ka san ƙauyen Ingila na da ba ba za ka gane su ba, rector, vicar, curate. Magana ce ta kuɗi. Manoma suna ba coci ushiri, kashi ɗaya cikin goma na amfanin gona. Rector, daga regere wato mulki, shi ne mai coci na ainihi wanda babban ushiri ke shiga hannunsa, hatsi da ciyawar dabbobi da itace. Amma sau da yawa gidan sufaye ne ko wata kwaleji ke riƙe da wannan haƙƙin, su ba za su zo ƙauye su yi hidima ba, sai su ajiye wakili su bar masa ƙananan ushiri irin su ƙwai da madara da 'yan dabbobi. Wakilin shi ne vicarius, vicar, tushe ɗaya da vice na vice president, kusan na'ibin liman ke nan a wajenmu. Curate kuma daga cura, kulawa, wanda aka danƙa wa kula da rayuka, da can shi ne mai riƙe da cocin amma a Ingila ta gangaro ta zama sunan ƙaramin mataimaki sabon naɗi. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci su kula a nan, abin a juye yake, curé shi ne babba mai coci, vicaire shi ne mataimaki. Ushirin ya daɗe da tafiya, dokar 1836 ta mayar da shi kuɗi daga baya aka kawar da shi, amma sunayen sun zauna, har vicar ta zama kalmar da ɗan Ingila ke kiran kusan duk limamin Angilikan da ita. Parson da za ka gani a tsofaffin littattafai kuwa persona ce, person, mutumin da ke tsayawa a madadin coci a gaban shari'a.

Wani abin da ɗaliban jami'a ba sa lura da shi, rabin muƙaman makarantarsu daga coci aka kwaso su, saboda jami'o'in Turai na farko irin Faris da Okusfod a inuwar coci suka girma. Shugaban kwalejin kimiyya da fasaha a Najeriya rector ne. Na kwalejin ilimi provost, daga praepositus, wanda aka sa a gaba, shi ma muƙamin coci ne, kuma ka duba ma'anar ta yi kusa da ta imam. Dean na tsangaya decanus ne, shugaban mutum goma, a sojan Roma da gidan sufaye, daga baya shugaban malaman katidiral. Malaman katidiral ɗin su ne canon, daga kanon na Girkanci, karan awo, ƙa'ida, kalmar da Larabci ya ara ta zama ƙanun.

Chaplain tana da labari mai daɗi. Martin na Tours sojan Roma ne a ƙarni na 4, labarin da ake bayarwa shi ne ya haɗu da wani almajiri yana rawar ɗari a ƙofar garin Amiens, ya zare takobi ya raba alkyabbarsa biyu ya ba shi rabi. Daga baya ya bar soja ya zama bishop, ya rasu a 397. Sarakunan Faranka, masu mulkin yankin Faransa a da, suka adana abin da suka yi imani ragowar alkyabbar ce, suna fita yaƙi da ita. Cappa alkyabba, cappella 'yar alkyabba, ɗakin da ake ajiye ta ya ɗauki sunan ya zama chapel, malaman da ke gadinta cappellani, su ne chaplain. Shi ya sa har yau chaplain malamin addini ne da ke manne da wata hukuma, barikin soja, asibiti, gidan yari, makaranta, ba mai unguwar masu bi ba. A Amurka da Birtaniya yanzu akwai Muslim chaplain, limamin da ke aiki a irin waɗannan wuraren.

Na bar clergy da cleric a ƙarshe don su ne suka fi shafar mu. Kleros a Girkanci ƙuri'a ce, ko rabon da ƙuri'a ta ba ka, gado. A Maimaitawar Shari'a sura 18 an ce Lawiyawa ba su da rabon ƙasa cikin 'yan'uwansu, Ubangiji ne rabonsu, daga wannan tunanin aka kira masu hidimar coci klerikos, mutanen rabo, sauran jama'a kuma laity daga laos, wato jama'a. Toh a Turai ta tsakiyar zamani kusan malaman coci ne kaɗai suka iya karatu da rubutu, duk sarkin da ke son a rubuta masa wasiƙa ko lissafin haraji sai ya nemo clericus. A haka clerk ta koma nufin magatakarda, akawu, har ta zama sunan dangi Clark. Wannan fa daidai abin da ya faru da malam a ƙasar Hausa, asali mu'allim ne mai koyar da addini, da Turawa suka zo suna neman masu rubutu sai ga malamin haraji, malamin daji, malamin gona, malamin asibiti. Hanya ɗaya kalmomin biyu suka bi ba tare da sun san juna ba.

Har doka ta shiga ciki. Bayan rigimar Sarki Henry na 2 na Ingila da Thomas Becket, archbishop na Kantabari, wanda aka kashe a 1170, malamin coci in ya yi laifi kotun coci ce ke masa shari'a, ita kuma ba ta yanke hukuncin kisa. Ta yaya za a gane malami ne? A ba shi littafi ya karanta, yawanci farkon Zabura ta 51. Sai duk wanda ya iya karatu, har wanda ya haddace ayar kawai, ya riƙa tsira daga rataya da wannan dabara da ake kira benefit of clergy. Marubucin wasan kwaikwayo Ben Jonson ya kashe mutum a 1598 ya tsira ta haka, aka yi masa tambarin wuta a babban yatsa. Sai 1827 aka soke dokar a Ingila.

Yau in ka ga cleric a jaridun Turai da Amurka, galibi malamin Musulunci ake nufi, kalmar da aka ƙera don malaman coci ta koma kanmu. Ni ina ganin ba ta zauna daidai ba, domin tana ɗauke da tunanin wani rukuni da aka keɓe ta hanyar naɗi da ɗora hannu, wanda ke yin abin da sauran jama'a ba su da ikon yi, a Musulunci kuwa duk wanda ya fi iya karatu cikin mutum uku zai iya shiga gaba ya ja salla. In za ka mayar da ita Hausa, malami ko shehi ya wadatar. Ta ɗaya gefen ma haka, limamin coci da muke cewa yana aiki in ba ka san ɗarikar mutumin ba, amma in ka sani ka kira shi da abin da jama'arsa ke kiransa. Ɗan Katolika fada ne, ba ka ce masa fasto, kuma a tsarin Roma ba ya aure, don haka in labari ya ce priest da matarsa toh duba da kyau, mai yiwuwa ɗan Angilikan ne ko Otodoks. Na ECWA ko Baptis fasto ne ko rabaran, kar ka ce masa fada. In wasiƙa za ka rubuta wa bishop na Angilikan Right Reverend za ka sa gaban sunansa, na Katolika a Najeriya kuma Most Reverend ake sa masa ko da bai kai archbishop ba.